Ɓerayen da ke kwance cikin sanyi: Abin da ya kamata ku sani game da daskarar da maniyyin ɓeran bincike

A farkon shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta fara tsallake iyakokin ƙasashe, masu binciken magani sun ci karo da wata matsala da ba a cika jin labarinta a rediyo ba: ba su da ɓeran da za su yi gwaji a kansa. Ba ƙarancin ɓeraye aka yi ba. Ɓeran ɗakin gwaje-gwaje da aka saba da shi ne ba ya kamuwa da ƙwayar cutar a yadda ta fara bayyana, domin ƙofar da take bi ta shiga jikin mutum, wani furotin da ake kira ACE2, ta sha bamban da ta ɓera. Ko an ɗiga masa cutar a hanci, ko gezau ba zai yi ba. Magani ko rigakafin da ba a gwada a jikin dabba ba kuwa, da wuya hukuma ta bari a kai shi jikin mutum.

Ashe akwai ɓeran da ya dace, sai dai ba ya numfashi. A 2007, Paul McCray da Stanley Perlman na Jami'ar Iowa a Amurka sun wallafa bayanin wani ɓera da aka dasa wa ƙwayar gadon ACE2 ta ɗan Adam, don nazarin cutar SARS da ta ɓulla a 2002. Da SARS ta lafa sai aka daina neman ɓeran, har aka bar kiwonsa. Amma an ajiye maniyyinsa a daskare a Cibiyar Jackson da ke garin Bar Harbor a jihar Maine. Da buƙata ta taso, aka ɗauko shi, aka narkar, aka haɗa da ƙwan mata, zuwa tsakiyar shekarar 2020 aka fara aika ɓerayen ga masu bincike a ƙasashe daban-daban. Da sai an ƙirƙiro ɓeran daga tushe, da an ƙara ɓata watanni masu yawa a lokacin da kowace rana mutane ke mutuwa.

Me ya sa ɓera, kuma me ya sa iri-iri haka?

Ɓera ƙarami ne, abincinsa kaɗan, haihuwarsa da sauri. Cikin mace kwana 19 zuwa 21 ne, 'ya'yan kuma su balaga cikin mako 6 zuwa 8. Ga shi kusan kowace ƙwayar gado da ke jikinsa tana da 'yar'uwa a jikin mutum, kamar yadda aka gani ƙarara da aka wallafa jerin DNA ɗinsa a 2002. Tun a 1980 masana suka iya allurar wata ƙwayar gado cikin ƙwan ɓera da ya riga ya haɗu da maniyyi, ta zauna a jikin abin da aka haifa. Zuwa 1989 aka iya akasin haka, wato a zaɓi ƙwayar gado guda a kashe ta, a zuba ido a ga abin da zai sami ɓeran. Wannan aikin ne ya jawo wa Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007. Da fasahar CRISPR ta iso kan ɓeraye a 2013, aikin da a da yakan ci shekara ɗaya ko biyu ya dawo na 'yan watanni.

Sakamakon haka shi ne ɓeraye sun yi wa masu bincike yawa. Akwai mai ciwon sukari, akwai mai kansar mama, akwai wanda ba shi da garkuwar jiki, akwai mai mantuwar tsufa. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai-tsaye. A 1997 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ɗaya a Berkeley ta jihar Kaliforniya, ɗaya ƙarƙashin Tim Townes a Jami'ar Alabama da ke Birmingham, suka samar da ɓerayen da aka cire wa sinadarin jan jini na ɓera aka sa musu na mutum mai sikila. Jininsu yana lanƙwashewa kamar na majinyaci, suna fama da ƙarancin jini, gaɓoɓinsu na ciki suna lalacewa. A kan irin waɗannan aka gwada da yawa daga dabarun da yau ake fatan su sauƙaƙa wa masu amosanin jini, cutar da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Cibiyar Jackson kaɗai tana riƙe da iri fiye da 10,000, kuma akwai wani haɗin gwiwa na ƙasashen duniya da ya sa wa kansa burin kashe kowace ɗaya daga ƙwayoyin gado kimanin 20,000 da ke jikin ɓera, ɗaya bayan ɗaya.

To a nan gizo ke saƙa. Ɓera ba takarda ba ne da za a sa a durowa. Shekara biyu ce kusan iyakar rayuwarsa, haihuwarsa mai kyau kuma ba ta kai shekara. Duk wanda yake son irinsa ya ɗore, dole ya yi ta haɗa mace da namiji ba fashi, ya yaye 'ya'ya, ya gutsuri fatar kunnensu ya gwada don ya san wanda ya gaji abin da wanda bai gada ba, ya kuma kashe rarar da ba a buƙata. Jami'o'i suna cajin mai bincike kuɗin kowane keji a kowace rana: abinci, ruwa, shimfiɗa, tace iska, albashin masu kula. Wani irin sai a shekara biyar ana ciyar da shi ba wanda ya taɓa shi, don kawai tsoron kada wata rana a neme shi a rasa.

Ko da kuɗi ba matsala ba ne, akwai abu biyu da kiwo ba ya iya tsarewa.

Na farko tsautsayi ne. A watan Oktoba na 1947 wutar daji ta cinye mafi yawan Cibiyar Jackson, ta kashe ɓeraye kimanin 90,000. Abin da ya cece ta shi ne masu binciken da ta taɓa aika wa ɓeraye suka riƙa mayar mata da mace da namiji har ta sake tsayawa da ƙafafunta. A watan Mayu na 1989 wata gobarar ta sake tashi a ginin kiwo, aka yi asarar kusan rabin miliyan. A 2001 ambaliyar guguwar Allison ta cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na cibiyoyin lafiya a birnin Houston, dabbobin bincike dubun-dubata suka nutse. A 2012 guguwar Sandy ta yi irin wannan ɓarna a Jami'ar New York, inda wasu masana suka rasa ɓerayen da suka shafe shekara goma suna ginawa. A 2020 kuwa ba wuta ba ruwa, dokar kulle ce ta sa jami'o'i da dama suka umarci masu bincike su rage ɓerayensu, domin babu isassun ma'aikatan da za su shigo su kula da su.

Na biyu ya fi wuyar ganewa, domin a hankali yake zuwa. Duk haihuwa tana zuwa da 'yan canje-canje ƙanana a DNA, kuma idan ana haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya, wani canjin yakan zauna daram ya zama na kowa. Misalin da masana suka fi kawowa shi ne na baƙin ɓeran nan C57BL/6, wanda Clarence Little ya fara kiwo a 1921, wanda kuma ya fi kowane iri yawa a ɗakunan gwaje-gwajen duniya. A 1951 aka kai wasu daga Jackson zuwa Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka, kowane gida ya ci gaba da kiwon nasa. Da ido ba mai bambanta su. Amma daga baya aka gano na Jackson sun rasa wani yanki na ƙwayar gadon Nnt, wadda ke da hannu a yadda jiki ke sarrafa sukari, a 2012 kuma aka gano ɗaya reshen yana ɗauke da wata tawaya da ke lalata bayan ido. Masu binciken ido da dama sun wayi gari sun ga ciwon da suka jingina wa ƙwayar gadon da suka taɓa, ashe tun asali yana jikin ɓeran. Abin da ke cikin ƙanƙara ba ya haihuwa, saboda haka ba ya canzawa.

Yadda aka kai ga dabarar

Daskarar da maniyyi ba sabon abu ba ne, kuma asalinsa akwai sa'a a ciki. A 1949, a wata cibiyar bincike da ke Mill Hill a Landan, Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suna ta gwada daskarar da maniyyin zakara da ruwan sukari ba nasara. Wata kwalba guda ta yi aiki, sauran suka ƙi. Da aka bincika sai aka tarar an sami ruɗani a takardar jikin kwalbar, abin da ke ciki giliserin ne. Cikin 'yan shekaru aka fara haifar maruƙa da daskararren maniyyin bijimi, a 1953 kuma aka sami cikin ɗan Adam ta wannan hanya a Iowa. Makiyayan da suka taɓa kai shanunsu a yi musu baye da allura, irin aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi, sun riga sun ga jikan wannan kwalba.

Amma ɓera ya ƙi. Shekara 40 aka yi ana daskarar da na bijimi da na mutum, na ɓera yana mutuwa. Don a gane dalili, sai a san abin da sanyi ke yi wa ƙwayar halitta. Mafi yawan abin da ke cikinta ruwa ne. Idan aka sanyaya ta da gaggawa, ruwan cikin ya zama ƙanƙara mai tsini, ya yayyaga ta daga ciki. Idan aka sanyaya ta a hankali ƙwarai, ruwan waje ne ke fara daskarewa, gishirin da ya rage ya yi kauri, ya tsotse ta har ta yanƙwane. Dole a sami tsaka-tsaki, kuma tsaka-tsakin kowace ƙwaya daban ne. Maniyyin ɓera yana da kai mai lanƙwasa kamar ƙugiya da doguwar wutsiya, tsawonsa ya ninka na mutum kusan sau biyu, fatarsa ba ta jure kumburi da motsewa, ko girgiza shi aka yi da ƙarfi sai ya lalace. Giliserin ɗin da ya yi wa bijimi rana bai yi masa ba.

Saboda haka aka fara bi ta wata hanyar. A 1972 David Whittingham da Stanley Leibo da Peter Mazur, a cibiyar Oak Ridge ta jihar Tennessee, suka daskarar da ɗan tayin ɓera mai 'yan kwanaki, suka narkar, aka haife shi lafiya. Da wannan aka kafa rumbunan farko. Hanya ce mai kyau har gobe, sai dai tana da tsada: kafin a ce an adana iri guda ana buƙatar ɗan tayi ɗaruruwa, wato mata gommai, da watanni na kiwo kafin a tara su.

Japanawa ne suka warware ƙullin maniyyi wajen 1990. Abin da suka yi amfani da shi zai ba ku mamaki don sauƙinsa: kashi 18 cikin 100 na wani sukari mai suna rafinos, da kashi 3 na garin madara da aka cire wa maiƙo. Rafinos ɗin nan shi ne sukarin da ke cikin wake, wanda hanjinmu ba ya iya narkarwa, shi ya sa wake ke kumbura ciki. Ba ya shiga cikin ƙwayar maniyyi, daga waje yake tsayawa ya janye ruwan cikinta kafin ya zama ƙanƙara, madarar kuma ta kare fatarta. Naomi Nakagata, wanda daga baya ya jagoranci aikin a Jami'ar Kumamoto, shi ya daidaita hanyar har ta zama wadda duniya ke bi.

Sai dai an bar baya da ƙura. Irin da aka fi buƙata, wato C57BL/6, shi ne wanda maniyyinsa ya fi lalacewa. Bayan an narkar yana motsi, amma ba ya iya huda ƙwai, sau da yawa ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne ke ɗauka, wani lokaci ko ɗaya babu. An kusa shekara 20 a haka. A 2008 masanan Jackson, ciki har da Charles Ostermeier da Robert Taft, suka nuna cewa ƙara wani sinadari mai suna monotayogiliserol a ruwan daskarewar yana kare maniyyin. A Kumamoto kuma Toru Takeo da Nakagata suka kawo gyara uku tsakanin 2008 da 2011: sinadarin da ke zare kitse daga fatar maniyyi don ya shirya huda ƙwai, da gulutamin a ruwan daskarewa, da gulutatayon wanda ke sassauta ɓawon ƙwan. Daga nan ne ƙwan da ke ɗauka ya koma mafi rinjaye, kuma maniyyi ya zama hanyar farko da ake tunani idan za a adana sabon iri.

A kan teburin aiki

Namiji biyu sukan isa, masu kimanin wata uku zuwa huɗu, waɗanda aka tabbatar suna ɗauke da canjin da ake son adanawa. Kashe su ake yi. Ba a tatsar ɓera kamar bijimi. Ma'aikaciya ta buɗe cikin, ta nemo wani murɗaɗɗen bututu da ke manne da maraina, ta yanko ƙarshensa inda maniyyin da ya nuna ke taruwa. Girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ta goge jini da kitse, domin kowanne yana cutar da maniyyin, ta sa shi cikin ɗigon ruwan sukari da madarar nan, ta yi masa 'yan tsaga da ƙaramin almakashi. Cikin minti uku ɗigon ya yi fari-fari, miliyoyin ƙwayoyi sun fito suna iyo. Daga nan ta riƙa zuƙar ɗan kaɗan-kaɗan cikin siraran bututun roba masu kaurin ƙashin biro, ta liƙe bakunansu da zafi. Kowane bututu an riga an rubuta masa sunan iri da kwanan wata.

Ba a tsoma su cikin ruwan naitirojin kai-tsaye. Ana ɗora su kan wani abu mai yawo a saman ruwan, su yi minti goma cikin tururinsa mai sanyi, sannan a nutsar. Ruwan naitirojin yana tsaye a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Idan sanyi ya wuce kimanin digiri 130 ƙasa da sifili, babu sauran ruwa mai gudana a cikin ƙwaya, babu sinadarin da ke haɗuwa da wani, ba tsufa ba ruɓa. Abin da ya rage mai iya yin lahani shi ne ɗan hasken nan mai ratsa jiki da ke ko'ina a duniya, wanda masana suka ƙiyasta sai an yi ɗaruruwan shekaru kafin ya yi tasiri. Aikin gaba ɗaya bai kai awa ɗaya ba, kuma abin da ya cika kejuna a kan kanta ya koma 'yan bututun da hannu ɗaya zai damƙe.

Wani zai ji ba daɗi da batun kashe mazan, kuma ba laifi ya ji. Amma lissafin a fili yake: biyu aka kashe sau ɗaya, a madadin ɗaruruwan da za a haifa a kashe cikin shekaru don kawai a riƙe iri. Tun 1959 William Russell da Rex Burch suka shimfiɗa ƙa'idar cewa a rage yawan dabbobin gwaji iya yadda zai yiwu, kuma a ganina ba kasafai ake samun dabarar da tausayi da tattalin kuɗi suka haɗu a kanta kamar wannan ba.

Tayar da irin ya fi kwantar da shi wahala. Kwana uku kafin ranar, a yi wa ƙananan mata allurar sinadarin da ke sa su nuna ƙwai da yawa, bayan awa 48 a yi musu ta biyu, washegari da sassafe a cire ƙwan. A ɗauko bututu guda daga tulun naitirojin a tsoma cikin ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, a juye maniyyin cikin wani ruwa na musamman ya huta rabin awa. Ma'aikaciya ta ɗebi na gefen ɗigon, domin masu ƙarfi ne ke iyo zuwa can, matattu su zauna a tsakiya. A haɗa da ƙwai a faranti. Kashegari duk ƙwan da ya ɗauka zai rabu gida biyu.

Saura uwa. A nan akwai wata dabara: ana haɗa lafiyayyar mace da namijin da aka ɗaure wa hanyar maniyyi. Babu ciki, amma jikinta ya ɗauka akwai, mahaifa ta shirya. A yi mata ƙaramar tiyata a sa mata 'yan tayin, bayan kusan mako uku ta haifi 'ya'yan da ba ta haɗa komai da su ba. Sau da yawa farar uwa ce ke shayar da baƙaƙen 'ya'ya, kuma da gangan ake zaɓar haka don kada a yi ruɗani. Bututu guda yana iya ba da 'ya'ya gommai, a kwana ɗaya, masu shekaru ɗaya, abin da kiwo ba ya iya yi. Akwai ƙarin riba kuma: yawancin cututtukan da ke yawo a ɗakin kiwo ba sa bin ɗan tayin da aka wanke, saboda haka iri mai cuta yana iya dawowa da tsabta.

Abin da maniyyi ba ya iya ɗauka

Wannan ne wurin da masu ɗokin dabarar sukan yi tsallake. Maniyyi rabin ɓera ne. Ɗaya rabin daga ƙwan da aka haɗa shi da shi zai zo, kuma ƙwan yawanci na matan da ba a taɓa musu komai ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini kafin aure ya san lissafin. Idan uba SS ne uwa AA, 'ya'ya duka AS za su fito: suna ɗauke da abin, amma bai bayyana ba. Sai an sake haɗa AS da AS sannan a sami SS, shi ma ɗaya cikin huɗu. Haka yake ga ɓera. Idan canji ɗaya ne, abin da sauƙi, wata uku ya isa. Idan biyu ne a wurare daban-daban, ɗaya cikin 16 ne zai haɗa duka. Idan uku ne, ɗaya cikin 64. Ɓerayen sikilar da aka ambata ɗazu suna cikin wannan rukuni, domin an taɓa su a fiye da wuri ɗaya. Ga irin waɗannan, ko dai a sami ƙwai daga mata 'yan irin, ko a koma ga daskarar da ɗan tayi, wanda ke ɗauke da gadon uwa da uba a cike. Haka nan akwai wani ɗan guntun DNA a cikin maitokondiriya, injin da ke ba ƙwaya ƙarfi, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Mai nazarin wannan, maniyyi ba zai yi masa amfani ba. Ita kanta Jackson da ɗan tayi take tsare manyan irinta daga canzawa: bayan kowace zuriya biyar sai ta koma tulu ta sabunta iyayen kiwo.

Sai batun amana. Bututun da ba a gwada ba, zato ne kawai. Cibiyoyin da suka san aikinsu sukan narkar da guda ɗaya bayan daskarewa, su haɗa da ƙwai, su gwada abin da ya fito don su tabbatar irin da aka rubuta ne, kafin su ce wa mai shi ya kashe na raye. An sha samun ɗalibi ya daskarar da maniyyi da kansa, ya gama karatu ya tafi, bayan shekaru a buɗe a tarar ko dai ya mutu, ko rubutun ya goge, ko namijin da aka yanka tun farko ba ya ɗauke da canjin.

Tulun ajiyar ƙarfe ne mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, tsarinsa ɗaya da fulas ɗin shayi. Ba ya buƙatar wutar lantarki, abin da zai burge duk mai zaune inda ake ɗauke wuta. Amma naitirojin yana ƙafewa kullum, dole wani ya riƙa dubawa yana ƙarawa, kuma a ɗaki mai iska, domin tururinsa ba shi da launi ba shi da wari, yana korar iskar numfashi har mutum ya faɗi bai sani ba. Manyan wurare ma suna tuntuɓe. A hutun Kirsimeti na 2023, naitirojin ya yanke wa tuluna 16 a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin, samfuran bincike na shekaru da dama suka narke. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a raba kowane iri gida biyu, a gine-gine biyu, in da hali a garuruwa biyu.

Daga wannan buƙata aka sami rumbunan jama'a: Jackson da haɗakar MMRRC a Amurka, EMMA a Turai, Cibiyar Mary Lyon da ke Harwell a Ingila, RIKEN a Tsukuba da ta Kumamoto a Japan. Mai bincike ya ba da irinsa, su adana, duk wanda ya nema a duniya a aika masa. Aika bututu ya fi aika ɓera mai rai sauƙi nesa ba kusa ba: ba yunwa, ba zafin filin jirgi, ba kamfanin jirgin da zai ce ba ya ɗaukar dabbar gwaji. Akwai tulun tafiya da ke tsotse naitirojin a bangonsa yadda ba zai zube ba, an kuma nuna cewa maniyyin ɓera yana jure tafiya cikin busasshiyar ƙanƙara mai digiri 79 ƙasa da sifili. Wahalar tana wajen mai karɓa, domin sai yana da ɗakin haɗa ƙwai da maniyyi da ma'aikacin da ya iya tiyatar uwar riƙo.

Akwai masu ƙoƙarin raba maniyyin da sanyi ɗungurungum. A 1998, a Jami'ar Hawaii, Teruhiko Wakayama da Ryuzo Yanagimachi suka busar da maniyyin ɓera ya zama gari. A ma'aunin da aka saba da shi matacce ne, ba ya motsi, amma DNA ɗin da ke kansa yana nan lafiya, kuma da aka jiƙa shi aka cusa shi cikin ƙwai da allura, aka haifi ɓeraye. Wakayama ya ci gaba da aikin a Jami'ar Yamanashi. A 2013 ya aika busasshen maniyyi zuwa Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wanda ya fi daɗewa ya yi shekara 5 da wata 10 a can, aka dawo da shi aka sami 'ya'ya 168 lafiyayyu, kamar yadda suka bayyana a 2021. A shekarar ce kuma ɗakin bincikensa ya nuna ana iya busar da shi tsakanin 'yan siraran ledoji, a manna a katin gaisuwa, a jefa a gidan waya cikin Japan, ya isa ya yi aiki. Sai dai har yanzu rumbunan ba su koma wannan hanya ba. Busasshen maniyyi ba ya iya huda ƙwai da kansa, kowane ƙwai sai an riƙe shi an yi masa allura da hannu ƙarƙashin madubi, aikin da ke buƙatar na'ura mai tsada da ƙwararren da ya shekara yana koyo, kuma yawan 'ya'yan da ake samu bai kai na wanda aka ajiye cikin naitirojin ba.